Gemun Maƙwabci Ya Kama Wuta: Tunga Da Labarin Yaƙi

Matafiyin da ya taso daga Anaca ko Fatakwal ya biyo ta Lakwaja da Suleja, in ya wuce Paiko da Chanchaga, ba zai daɗe ba zai tsinci kansa a Tunga, ɗaya daga cikin manyan unguwannin Minna, babban birnin Jihar Neja. Unguwa ce mai faɗin tituna, ga kasuwa, ga tashar mota, ga otal-otal da makarantun kuɗi da kantunan magani, ga kuma rukunin gidajen nan da ake kira Tunga Low Cost. Mazaunanta sun haɗa da ma'aikatan gwamnati, da tsofaffin ma'aikata masu cin fansho, da 'yan kasuwa, da masu sana'ar hannu. Akwai Banufe, akwai Bagwari, akwai Bahaushe da Bafillace, akwai Bayarabe da mutumin Ibo. Ran Juma'a masu zuwa masallaci su cika hanya, ran Lahadi kuma masu zuwa majami'a su cika ta.

Ba kowa ne mai kuɗi a Tunga ba, domin tsadar abinci da kuɗin haya suna gasa wa mutane da yawa aya a hannu. Amma akwai wata dukiya da kusan kowa yake da ita a wurin, watau mutum ya rufe ƙofarsa da dare ya yi barci har asuba, da safe ya tura 'ya'yansa makaranta yana da tabbacin za su komo cin abincin rana.

Da magariba ta yi, sai a shimfiɗa tabarmi da bencina a ƙofar gidaje da bakin teburin mai shayi, a kunna rediyo, ko kuma kowa ya duƙufa a kan wayarsa ta hannu. A nan ne yaƙe-yaƙen duniya suke zuwa Tunga. A ji labarin Gaza, inda aka yi ta ruwan bama-bamai tun daga watan Oktoba na 2023. A ji na Sudan, wadda sojojinta suka dāre gida biyu a watan Afrilu na wannan shekara suka shiga yaƙar juna. A tuna da Musulmin Rohingya fiye da 700,000 da suka tsere daga ƙasar Bama zuwa Bangaladash a 2017, ko Kiristocin birnin Mosul na Iraƙi da aka kora daga gidajen kakanninsu a 2014. Sai a girgiza kai, a yi salati, a ja tsaki, a tsine wa azzalumai. Can an jima a aiko yaro ya ce tuwo ya sauka, taro ya watse.

Ba laifi ba ne mutum ya ci tuwonsa bayan ya ji mugun labari, haka Allah ya yi ɗan Adam. Abin tambaya shi ne, mene ne haƙƙin da ke wuyan mai kwana lafiya game da waɗanda ba su samu ba? Wannan tambaya ta shafi mutumin Tunga, ta kuma shafi ɗan Arewan da Allah ya buɗa masa a Agege ko Sabon Badun, wanda ya gina gida ya sa katanga, yana jin labarin gida ta waya. Tarihin Minna da abubuwan da suka auku a kewayenta sun isa su ba da amsa.

GARIN BAƘI

A Hausa, tunga ita ce ɗan ƙauyen da baƙi suka kafa, masunta ko manoma da suka zo ci-rani suka ga wuri ya yi musu suka zauna. Ke nan sunan unguwar ɗan'uwan Sabo ne da Zango, waɗanda mazauna Kurmi suka sani sarai. Minna ita kanta haka ta girma. Asalinta ƙasar Gbagyi ce, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, kuma a ƙarni na 19 a kan duwatsu suke zaune saboda tsoron mahara masu kamun bayi, musamman mayaƙan Kwantagora na gidan Nagwamatse. Jirgin ƙasa ne ya sauko da gari ƙasa. Layin dogo da aka ja daga Baro ya isa Kano a 1911, wanda ya taso daga Ikko kuma ya zo ya haɗu da shi a Minna, sai garin ya zama mahaɗa, ya cika da leburori da akawuna da fatake daga kowace kusurwa. A watan Fabrairu na 1976 Janar Murtala Muhammed ya ƙirƙiro Jihar Neja, kwana goma kafin a kashe shi, aka mai da Minna hedkwata, unguwanni irin su Tunga suka bunƙasa.

Wani abin mamaki game da wannan yanki shi ne yawan manyan mutanen Kudu da aka binne cibiyarsu a cikinsa. A Zungeru, tsohuwar hedkwatar Gwamna Lugga, aka haifi Dokta Nnamdi Azikiwe a 1904. A Zungerun dai aka haifi Odumegwu Ojukwu a 1933, mutumin da ya ja ragamar Biyafara. Marubucin nan Cyprian Ekwensi a Minna aka haife shi a 1921, haka kuma Ben Okri a 1959. Iyayensu neman abinci ya kawo su Arewa, kamar yadda neman abinci ya kai Bakano Obalende, ya kai Basakkwace Shagamu.

Irin waɗannan baƙi su ma sun taɓa zaton zamansu ya kafu. Suna da aiki a reluwe da gidan waya, suna da shaguna, 'ya'yansu suna jin Hausa kamar jakin Kano. Sai ga 1966. Bayan juyin mulkin watan Janairu, aka kashe dubban mutanen Gabas a garuruwan Arewa a watannin Mayu da Satumba da Oktoba, fiye da mutum miliyan ɗaya suka kwashi abin da hannu zai iya ɗauka suka nufi gida. 'Yan Arewa mazauna Inugu da Anaca da Fatakwal su ma an far wa wasunsu, sauran aka kwaso su aka maido Arewa, suka bar rumfuna da gidaje da bashin da suke bin mutane. Yaƙin basasa ya ɓarke ran 6 ga Yuli 1967, bai ƙare ba sai ran 15 ga Janairu 1970, bayan ya ci rai aƙalla miliyan ɗaya, yawancinsu yara da yunwa ta kashe.

TSOFAFFIN SOJA BIYU

A kan tudun da ke kallon birnin Minna akwai gidajen tsofaffin shugabannin ƙasa biyu, Janar Ibrahim Babangida da Janar Abdulsalami Abubakar. Dukansu a Minna aka haife su, na farko a 1941, na biyu a 1942, kuma dukansu sun yi yaƙin basasa suna samari. An harbi Babangida a Uzuakoli a 1969, kuma a cikin shekarar ya auri Maryam, wadda asalin mahaifinta mutumin Asaba ne. Da ya hau mulki a 1985 bai tsira daga rigimar addini ba, domin a zamaninsa aka yi cacar baki a kan shigar Nijeriya Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a 1986, aka yi rikicin Kafanchan a 1987, da na Zangon Kataf a 1992.

Shi kuwa Abdulsalami, bayan ya miƙa mulki ga farar hula ran 29 ga Mayu 1999, sai ya mai da sulhu sana'arsa. Shi ne babban mai shiga tsakani a taron Ankara ta ƙasar Gana, inda ɓangarorin Laberiya suka sa hannu a kan yarjejeniyar da ta kawo ƙarshen yaƙinsu a watan Agusta na 2003. A 2015 ya shugabanci kwamitin zaman lafiya na ƙasa tare da Bishop Matthew Kukah, suka sa Shugaba Jonathan da Janar Buhari suka sake rattaba hannu a kan alkawarin kauce wa tashin hankali ana saura kwana biyu zaɓe.

Darasin da ke nan a fili yake. Yawancin waɗanda suka ga yaƙi da idonsu ba su cika ɗokin ganin wani ba. Masu kiran a yi ta ta ƙare, a raba ƙasa kowa ya kama gabansa, galibi mutane ne da ba su taɓa jin ƙarar bindiga ba sai a silima. Mafi yawan 'yan Nijeriya na yau an haife su ne bayan 1970, saboda haka abin da suka sani game da yaƙi ji ne kawai, kuma Hausawa sun ce gani ya kori ji.

TAFIYAR DA BA TA KAI AWA BIYU BA

Mutumin Tunga ba ya bukatar ya kai tunaninsa Gaza kafin ya ga ɗan gudun hijira. In ya hau mota ya bi hanyar Gwada da Kuta, ko ya nufi Sarkin Pawa, tafiyar ba za ta kai awa biyu ba zai shiga ƙasar da aka yi shekaru ana kwana da ido ɗaya. Ƙananan hukumomin Shiroro da Munya da Rafi da Mariga da Paikoro sun sha fama da 'yan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane, daga baya kuma masu iƙirarin jihadi suka sami mafaka a dazuzzukan yankin.

A watan Afrilu na 2021 mutane wajen 3,000 daga Shiroro da Munya suka kwararo cikin Minna, aka sauke su a makarantar firamare ta IBB. A nan ne Gwamnan jihar na lokacin, Alhaji Abubakar Sani Bello, ya tsaya a gabansu ya faɗa wa duniya cewa 'yan Boko Haram sun kafa tuta a ƙauyen Kaure, suna ƙwace matan mutane, ya kuma yi gargaɗi cewa daga can zuwa Abuja tafiyar awa biyu ce kawai. Makarantun firamare a Gwada da Kuta su ma sun zama sansanoni, inda manoman da a da suke cika rumbu suka koma jiran kwanon tallafi. Sojoji ma ba su tsira ba. A watan Agusta na 2023 an yi wa ayarinsu kwanton ɓauna a kan hanyar Zungeru zuwa Tegina, jirgi mai saukar ungulu da ya je kwaso waɗanda suka ji rauni kuma ya faɗi a yankin Shiroro, hukumar tsaro ta ce jami'ai da sojoji 36 suka rasu.

Abin lura shi ne, jin daɗin birni daga waɗannan ƙauyuka yake fitowa. Madatsar ruwa ta Shiroro da ke kan Kogin Kaduna, wadda aka buɗe a 1990, tana iya ba da megawat 600 na wutar lantarki, kuma wannan wuta tana shiga babban layin ƙasa wanda yake juya fanka a Tunga, yake kuma juya ta a Ikeja. Doyar da ake lodi a kasuwannin Paiko da Gwada da Kuta ita ce take sauka a Mile 12 da Bodija, inda dubban 'yan Arewa suke cin abinci a dillancinta da dakonta. Ranar da manomin Shiroro ya kasa zuwa gona, dillalin doya na Ikko zai ji a aljihunsa ko da bai san sunan ƙauyen ba.

MASALLACI DA MAJAMI'A

Wanda yake so ya san ko su wane ne ake zalunta saboda addini a ƙasar nan, to ya duba abin da ya faru a Jihar Neja kaɗai, ya jera shi bi da bi.

Ran Kirsimeti na 2011 wani ya tayar da bam a cikin mota a ƙofar cocin Katolika na St. Theresa da ke Madalla, kusa da Suleja, daidai lokacin da masu ibada suke fitowa. Fiye da mutum 40 suka mutu, har da iyalai da suka ƙone a cikin motocinsu. Boko Haram ta ɗauki alhakin harin, kuma a watan Disamba na 2013 kotu ta yanke wa Kabiru Sokoto hukuncin ɗaurin rai da rai.

Ran 30 ga Mayu 2021 'yan bindiga suka shiga garin Tegina da rana tsaka, suka kwashe yara 136 daga makarantar Islamiyya ta Salihu Tanko, wasunsu ba su wuce shekara biyar ba. Sun yi kusan wata uku a daji, iyayensu suka sayar da gonaki da dabbobi don haɗa kuɗin fansa, kuma ba duka ne suka komo da rai ba.

Ran 25 ga Oktoba na wannan shekara aka buɗe wa masallata wuta suna sallar Asuba a ƙauyen Mazakuka, cikin ƙaramar hukumar Mashegu, aka kashe mutum 18.

Ran 15 ga Janairu 2023, cikin dare, aka kewaye gidan limamin cocin Katolika na Kafin Koro a Paikoro, da maharan suka kasa shiga sai suka cinna wa gidan wuta, Fada Isaac Achi ya ƙone a ciki. Wannan bawan Allah shi ne limamin cocin Madalla ranar da bam ya tashi a 2011. Ya tsira daga waccan wuta, ya binne mabiyansa, bayan shekara 11 wata wutar ta same shi a wani gari cikin jiha ɗaya.

Ran 21 ga Nuwamba 2025 aka sace ɗalibai da malamai daga makarantar kwana ta St. Mary da ke Papiri a ƙaramar hukumar Agwara, waɗanda ƙidayar farko ta shugabannin cocin ta ce sun haura 300. Wasu sun kuɓuta da ƙafarsu, sauran kuma aka sako su kashi biyu a watan Disamba, aka kawo su gidan gwamnati a Minna.

Dalilan waɗannan hare-hare ba iri ɗaya ba ne. A Madalla ƙiyayyar addini ce tsagwaronta, an zaɓi wurin ne da ranar don a kashe Kirista. A Tegina kuɗi ake nema. A wasu wuraren tsohuwar gaba ce tsakanin makiyaya da 'yan sa-kai, ko rigimar ƙasa da ma'adinai. Kowane dalili da irin maganinsa, kuma wanda ya cakuɗa su ba zai warkar da ko ɗaya ba. Amma uwar da aka ɗauke wa yaro a Tegina da wadda aka ɗauke wa a Papiri, kuka iri ɗaya suka yi.

RABIN LISSAFI

Babbar cutar da ke kama mai jin labarin yaƙi daga inuwa ita ce riƙe rabin lissafi. A majalisar ƙofar masallaci za a lissafa Zangon Kataf, da Yelwan Shendam a 2004, da matafiya fiye da 20 da aka tare a hanyar Rukuba ta Jos a watan Agusta na 2021 suna komowa daga zikiri a Bauchi za su Ikare ta Jihar Ondo. A harabar coci kuma za a lissafa Madalla, da Dogo Nahawa a 2010, da cocin Owo inda aka kashe masu ibada wajen 40 ran 5 ga Yuni 2022. Kowane ɓangare gaskiya yake faɗa, amma kowanne ya san sunayen matattunsa ne kawai, in an ambaci na wancan sai ya yi shiru, ko ya ce ai su suka fara.

Wannan rabin lissafi har ƙetare ya kai. A ƙarshen watan Oktoba na 2025 Shugaban Amurka Donald Trump ya sa Nijeriya cikin jerin ƙasashen da ya ce ana tauye 'yancin addini, yana mai cewa ana yi wa Kiristoci kisan gilla. Gwamnatin Tarayya ta musanta, ta ce 'yan ta'adda ba sa tambayar addinin mutum. Aka yi ta musu a rediyo da jaridu. Musulmi da yawa suka ji haushin yadda aka shafe dubban 'yan'uwansu da aka kashe a Zamfara da Katsina da Borno daga lissafi, kuma suna da hujja. Kiristoci da yawa suka ji haushin yadda ake neman a nuna ba a taɓa kashe kowa don yana Kirista ba, su ma suna da hujja, kabarin Madalla shaida ne.

Wanda ke gudun ceton rai ba shi da lokacin auna magana, in ya yi kuka da zafi ba a ga laifinsa ba. Mai lokacin bincike da aunawa shi ne wanda ya ci ya ƙoshi, yana da rediyo da jarida da waya. Abin takaici shi ne sau da yawa irin wannan mutum shi ne yake karɓar hoton gawarwaki da ba a san inda aka ɗauke shi ba, ko na wata ƙasa, ko na shekara goma da suka wuce, ya tura wa mutum ɗari kafin shayinsa ya huce. Magana kuwa zarar bunu ce.

WANDA KE BIYAN BASHIN

Ba wanda ya kamata ya fahimci haɗarin wannan kamar ɗan Arewa mazaunin Kudu, domin an daɗe ana biyan bashin da bai ci ba da jininsa.

A watan Yuli na 1999 rikici ya tashi a Shagamu lokacin bikin Oro, aka kashe mutane da dama a Sabo. Da motocin waɗanda suka tsira suka isa Kano, sai aka far wa Yarbawan da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. A watan Fabrairu na 2000 aka yi rikicin Shari'a a Kaduna, da gawarwaki suka isa Gabas sai aka huce a kan Hausawan Aba da Umuahia. A watan Fabrairu na 2006 wani zanen ɓatanci da aka buga a ƙasar Denmak ya jawo zanga-zanga a Maiduguri, aka ƙona coci-coci aka kashe Kiristoci. Bayan kwana uku Anaca ta kama da wuta, aka ƙona masallatai, aka kashe 'yan Arewa masu yawa, waɗanda suka tsira suka fake a barikin soja ko suka tsallaka gada zuwa Asaba. Kafin mako ya cika wutar ta komo Kwantagora a Jihar Neja, aka sake ƙona coci-coci. Mai faci da mai shayi da mai sayar da albasa na Anaca ba su taɓa ganin zanen ba, da yawansu ba su san inda Denmak take ba.

Haka abin yake tafiya kamar ƙwallo, a buga daga Arewa a tare a Kudu, a sake bugowa. Duk wanda ya ɗaga hannu a kan baƙo a Minna ko Kano ko Bauchi, to ya sa wuƙa a wuyan ɗan'uwansa na Anaca. Lafiyar mai kantin magani ɗan Ibo a Tunga da lafiyar mai canji a Sabon Badun a igiya ɗaya suke rataye.

Ba a Nijeriya kaɗai baƙo yake ganin haka ba. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, zangogi suka watse cikin makonni. A 2014 Musulmin Bangi ta Afirka ta Tsakiya, cikinsu har da Hausawan da aka haifa a can, suka fice a bayan manyan motoci. A watan Yuli na 2022 aka kashe Hausawa a jihar Bulunayil ta Sudan a kan rigimar ƙasa da sarauta, alhali kuwa kakannin da yawa daga cikinsu sun fi shekara ɗari a ƙasar.

Amma ana iya tare ƙwallon. A watan Maris na 2025 aka tare mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo suna kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano don yin Salla, aka kashe su aka ƙona. Zukata sun tafasa, aka yi fargabar ramuwa. Gwamnan Edo ya taso ya zo Kano ta'aziyya, shugabanni da malamai suka yi ta kiran a kai zuciya nesa a nemi haƙƙi ta hanyar shari'a, kuma Allah ya sa ba a maimaita abin da ya faru a 2006 ba.

ABIN DA KE HANNUN MAI HALI

Minna tana da misalin mutumin da ya yi amfani da zaman lafiyarsa ta hanyar da ta dace. Marigayi Shaihu Ahmad Lemu, tsohon Alƙalin Alƙalan Jihar Neja wanda ya rasu a watan Disamba na 2020, ya shafe shekaru shi da maiɗakinsa Hajiya Aisha Lemu suna gina makarantu da horar da matasa a kan yadda Musulmi zai zauna da wanda ba Musulmi ba cikin mutunci da ilmi. Bayan tarzomar zaɓen 2011, wadda ta ci rai fiye da 800 a Arewa, ta kuma taɓa Minna har aka sa dokar hana fita, shi aka ɗora wa shugabancin kwamitin bincike, domin ɓangarorin biyu sun yarda da adalcinsa.

Akwai kuma Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar Yelwa a Barikin Ladi ta Jihar Filato. A watan Yuni na 2018, da mahara suka koro maƙwabtansa Kiristoci, sai ya ɓoye fiye da 200 daga cikinsu a masallacinsa da gidansa, ya fito ya tsaya a gaban masu bindiga yana roƙonsu. Dattijo ne talaka, ba shi da soja ba shi da katanga.

Wannan hali ba baƙo ba ne a addini. Sahabban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da azaba ta yi musu yawa a Makka, wurin Najjashi sarkin Habasha suka sami mafaka, shi kuwa a lokacin Kirista ne. Mutanen ramin wuta da aka ambata a Suratul Buruj, malaman tafsiri da yawa sun ce mabiya Annabi Isa ne na Najran da wani sarki ya ƙona saboda imaninsu. Yaron da ke karatun allo a Tunga yana haddace labarin zaluncin da aka yi musu tun kafin ya kai izu biyu.

Ba a ce kowa ya zama Liman Abubakar ba, amma akwai abin da ba ya gagarar mai hali. Zai iya riƙe hannunsa daga tura labarin da bai tabbatar ba. Zai iya zuwa gaisuwar mutuwa gidan maƙwabcin da ba addininsu ɗaya ba, ya kira abin da aka yi masa zalunci ba tare da ya ƙara da "amma" ba. Zai iya kai zakkarsa da buhun masara sansanin Gwada ko Kuta, ko ya ɗauki nauyin karatun maraya ɗaya. Ƙungiyoyin 'yan Arewa na Mile 12 da Agege da Shasha, waɗanda suke iya tara kuɗi masu yawa don naɗin sarauta, za su iya tara irinsu don ƙauyukan da doyarsu take fitowa. Sarakunan Hausawa da limaman Sabo za su iya ƙulla zumunci da sarakunan gari da shugabannin coci tun ana zaman lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Mai ƙuri'a kuma zai iya tambayar wanda ya zaɓa inda kuɗin tsaro suke shiga, da dalilin da ya sa ake kama masu kisa a sake su ba hukunci.

Kakannin mutanen Minna sun taɓa zama a kan duwatsu don tsoro, jikokinsu suka sauko suka gina birni tare da baƙi. Abin da aka gina cikin shekara ɗari ana iya rushe shi cikin yini ɗaya, kamar yadda mutanen Kaduna da Jos za su ba da shaida, garuruwan da yau Musulmi da Kirista suka raba unguwanni. Tunga ba ta kai ga haka ba, kuma wajibi ne a kan masu kwana lafiya a cikinta, da 'yan'uwansu na Kurmi, su ga ba ta kai ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mai da 'yan gudun hijira gidajensu, ya zaunar da ƙasar nan lafiya, amin.